Agadas: Kallon da Ba a Biyan Ko Dala

Okala unguwa ce a arewacin Libreville, babban birnin ƙasar Gabon. Tana kusa da teku, kuma ba ta da nisa da filin jirgin sama. Yaron da ya tashi a Okala ya san ruwan sama sarai. Ya san manyan itatuwa, da ciyawa kore shar, da jiragen ruwa. A cikin Hausawan da ke zaune a Gabon, akwai waɗanda asalin iyayensu Nijar ne. Idan an yi babban hutu, wasunsu sukan kai ƴaƴansu gida don su ga dangi. Wani lokaci tafiyar takan kai su har Agadas, garin da ke bakin hamada.

Garuruwan nan biyu sun sha bamban ƙwarai. A Libreville, ruwan sama yakan kai milimita 2800 a shekara. A Agadas kuwa da wuya ya wuce milimita 150. Wato ruwan da Libreville ke samu cikin shekara 1, sai Agadas ta yi kamar shekara 20 tana tara shi.

Daga Yamai zuwa Agadas akwai kimanin kilomita 950. Mota takan bi ta Doso, da Ƙonni, da Tawa, da Abalak. Tafiyar da tsawo, kuɗin mota kuma da yawa. Kafin baƙo ya iso, guzurinsa ya ragu. Amma wannan ba zai hana shi ganin gari ba. Abubuwan da suka fi kyau a Agadas ba a biyan ko dala kafin a kalle su. Abu uku kawai baƙo ke bukata: ƙafa, da ido, da ladabi.

Hasumiyar ƙasa

Abin da baƙo ke fara hange tun daga nesa shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27. Da jar ƙasa aka gina ta, babu siminti, babu ƙarfe. Gindinta da faɗi, tana tsukewa a hankali har zuwa sama. An fara gina masallacin a 1515, zamanin da Askiya Muhammadu, sarkin Sangai, ya ci garin. Mutanen Agadas sun ce wani malami mai suna Zakariya ne ya gina shi. An sake gina hasumiyar a 1844.

A jikin hasumiyar akwai itatuwa da yawa da suka fito waje kamar ƙaya. Ba don ado kaɗai aka sa su ba. Suna riƙe ginin, kuma su ne matakalar magina. Iska da ruwan sama sukan zaizaye yaɓen. Idan lokacin gyara ya yi, magina sukan taka itatuwan su hau, su yi sabon yaɓe. Da haka ginin ƙasa ya daɗe har ya kawo yau.

A da, hasumiyar tana da aiki biyu. Daga kanta ladan ke kiran salla. Daga kanta kuma masu tsaron gari ke hango ayari ko mahara. Kallonta daga waje kyauta ne. Da hantsi takan yi ja, da la'asar sakaliya ta yi kamar zinariya. Wanda ke son hawa sama dole ya nemi izinin mai kula da masallaci, ya kuma ba shi ɗan goro. Matakalar ciki matsattsiya ce, mutum ɗaya ɗaya ake hawa.

Yawo a tsohon gari

Kusa da masallaci fadar Sarkin Abzin take. Abzin ita ce ƙasar duwatsu da ke arewa da Agadas. An kafa sarautar tun ƙarni na 15, kuma har yanzu akwai sarki a fadar. A ƙofar fada baƙo zai ga dogarai. Sai ya gaishe su, kada ya wuce kamar bai gan su ba.

Tsohon gari yana da unguwa 11. Lungunansa ƙanana ne, kuma a karkace suke. Dalili shi ne, kafin a yi gidaje, wurin zangon Abzinawa ne. Kowane dangi da inda ya kafa tantunansa. Da aka zo gini, sai hanyoyi suka bi tsakanin tsofaffin zangunan.

Wanda ya shiga lungunan da rana tsaka zai ji sanyi-sanyi. Bangayen da ke kusa da juna suna ba da inuwa. Bangon ƙasa mai kauri kuma ba ya saurin ɗaukar zafi. Yakan sha zafin rana a hankali, ya sake shi da dare lokacin da gari ya yi sanyi. Shi ya sa ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano daɗin zama a hamada.

A wani lungu akwai gidan da wani Bajamushe matafiyi ya sauka a 1850. Sunansa Heinrich Barth, amma a tafiyarsa Abdulkarim ake kiran sa. Daga Agadas ya wuce Katsina da Kano. Ya rubuta abin da ya gani, shi ya sa ake sanin yadda garin yake a lokacin.

A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya. Ma'anar haka ita ce, garin ya zama amana a hannun kowa, ɗan gari da baƙo.

A rumfar maƙera

Maƙeran Agadas sun shahara wajen aikin azurfa. Su ke ƙera abin wuyan nan da ake kira «Croix d'Agadez» da Faransanci. Baƙo zai iya tsayawa a bakin rumfa ya yi sallama, ya kalli aikin.

Da farko maƙeri yakan yi siffar abin wuyan da kakin zuma. Sai ya lulluɓe kakin da yumɓu, ya bar ƴar kafa. Idan yumɓun ya bushe, sai ya sa shi a wuta. Kakin ya narke ya zube, ya bar gurbinsa a cikin yumɓu. Sai maƙeri ya narka azurfa, yaronsa na zuga masa wuta da zugazugi. Ya zuba azurfar a gurbin. Idan ta huce, ya fasa yumɓun, ya goge ta da magagari, ya zana mata ado. Tun da ana fasa yumɓun kowane lokaci, ba a samun biyu da suka yi daidai da juna sak.

A unguwar kuma akwai masu aikin fata. Suna ɗinka jaka, da takalma, da kube, da kayan sirdin raƙumi. Mai sana'a ba ya ƙin mai kallo. Abin da ba ya so shi ne a tare masa haske, ko a taɓa kayansa ba izini.

Kasuwar raƙuma

A gefen gari kasuwar dabbobi take. Gara a je ta da sassafe ko da yamma. Nan baƙo zai ga amale da taguwa, da jakuna, da awaki, da tumaki. Zai ga dillali yana buɗe bakin raƙumi don ya duba haƙoransa. Da haƙora ake gane shekarunsa. Da tozo kuma ake gane ko ya ƙoshi, don kitse ne a cikin tozon, ba ruwa ba.

Masu raƙuman sukan naɗa rawani su rufe baki da hanci. Rawanin yana kare su daga rana da ƙura. Baƙin rawani mai ƙyalli, wanda ake kira turkuɗi, ya daɗe yana zuwa daga Kura ta ƙasar Kano. Can ake rina shi da baba, a buga shi har ya yi walƙiya.

A kasuwannin garin ana ganin kantun gishiri a jere. Daga Bilma da Fashi ake kawo shi. Bilma tana gabas da Agadas da kimanin kilomita 600, a bayan hamadar Tenere. Bayan damina, wajen watan Oktoba, ayari yakan tashi daga Abzin. Raƙuma na ɗauke da hatsi, da ruwa, da ciyawar da za su ci, don babu kiwo a hanya. Madugu ne ke gaba. A Bilma a sayar da hatsi, a ɗauko gishiri da dabino. Daga baya a gangara da su kudu, zuwa Damagaram, da Maraɗi, da Kano. A farkon ƙarni na 20, ayari ɗaya yakan kai raƙumi 10.000 ko fiye. Yanzu manyan motoci sun karɓi yawancin aikin, amma ayarin raƙuma bai mutu ba.

Ƙoramar Telwa

Kusa da gari akwai ƙorama mai suna Telwa. Daga duwatsun Abzin take gangarowa. Yawancin shekara a bushe take, sai rairayi. Yara sukan yi wasa a cikinta, mutane su ratsa da ƙafa. Amma a ƙarƙashin rairayin akwai ruwa. Shi ya sa ake samun goruba, da dabino, da lambuna a bakinta.

Masu lambu sukan haƙa rijiya. A da, raƙumi ko sa ne ke jawo guga. Dabbar ta yi gaba, guga ya hau, ruwa ya zuba a magudana. Ta dawo baya, guga ya sake nutsewa. Yanzu da yawa sun koma injin ban ruwa. Suna noma albasa, da tumatir, da dankali, da alkama. Albasar Abzin takan kai har kasuwannin ƙasashen bakin teku.

Yawo a bakin Telwa da safe abu ne mai daɗi. Amma akwai haɗari da damina, daga Yuli zuwa Satumba, wato daidai lokacin babban hutu. Ruwa yakan sauka a kan duwatsu can nesa, alhali a Agadas rana na haskawa. Dutse ba ya shan ruwa. Sai ruwan ya taru, ya gangaro da ƙarfi, ya cika ƙorama cikin ɗan lokaci kaɗan. A watan Satumba na 2009 ruwan Telwa ya shiga gari, ya rushe gidaje masu yawa. Saboda haka ba a kwana a cikin ƙorama, ba a barin yara su yi nisa a cikinta da damina.

Dare a bakin hamada

Idan rana ta kusa faɗuwa, mutane sukan shimfiɗa tabarma a waje. A hura gawayi, a ɗora shayi. Kofi uku ake sha. Na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku da zaƙi. Wanda aka miƙa wa shayi baƙo ne na gida, ba a karɓar kuɗinsa.

Da rana zafi yakan wuce digiri 40 a watan Mayu da Yuni. Da dare kuwa gari yakan huce, a watan Disamba da Janairu ma har sai an yi lulluɓi da bargo. Dalili shi ne babu laima a iska, babu gajimare. Zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tashi sama, babu abin da zai tare shi.

Rashin gajimaren nan ne ya sa taurari ke fitowa tar. Yaron Okala ya saba da sama mai hadari. A nan zai ga Kaza da Ƴaƴanta, ya ga Zara kusa da wata, ya ga Gamzaki da asuba. Ga madugu, taurari ba abin kallo kaɗai ba ne. Da su yake gane gabas da arewa a inda babu hanya, babu itace.

Ranakun biki

Wanda ya yi sa'a zai tarar da biki. Ran Salla, Sarkin Abzin yakan yi hawa. Dawaki da raƙuma su sha ado, a yi sukuwa, jama'a na kallo.

A farkon shekarar Musulunci, cikin watan Muharram, ana yin bikin Biyanu. Samarin gari sukan rabu biyu, ƴan gabas da ƴan yamma. Su sa manyan riguna da rawuna, su zaga gari da tambura. A daren babbar rana sukan kwana a bayan gari. Da safe su shigo suna rawa, suna ɗaga ganyen kaba. Babu ƙofa, babu tikiti. Titi ne dandali.

A watan Satumba kuma makiyaya sukan taru a Ingal, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas. Ƙasar wurin tana da gishiri, ciyawarta da ruwanta suna ƙara wa dabbobi lafiya. Abzinawa su yi tseren raƙuma, samarin Fulani Wodaɓe su yi kwalliya su jera suna rawa. Da Faransanci ana kiran taron «Cure salée».

Wurare masu nisa

Akwai abubuwan kallo a bayan gari. Su ma ba a saye su ba, amma zuwa wurinsu sai da mota da jagora.

A Dabus, kan hanyar Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya fi mita 5. An sassaƙa su fiye da shekara 6000 da suka wuce. Zanen yana nuna cewa a lokacin ƙasar nan tana da ciyawa da ruwa, har raƙumin dawa na kiwo a cikinta.

A wajen Ingal da Gadufawa an tono ƙasusuwan dinozor. Waɗannan manyan dabbobi ne da suka rayu shekaru miliyoyi da suka shige, suka ƙare tun kafin a yi mutane. Ɗaya daga cikinsu an sa masa sunan ƙasar Nijar a 1999: Nigersaurus.

A cikin Abzin akwai Timiya, mai lambunan lemo da rumman, da ruwa mai zubowa daga kan dutse. Akwai Tafadek mai ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Akwai kuma dutsen Bagzan, inda wuri mafi tsawo a Nijar yake, mita 2022.

A tsakiyar Tenere an taɓa yin wani itacen ƙaya guda ɗaya tilo. Saiwoyinsa sun nutse fiye da mita 30 don neman ruwa. Ayari bayan ayari sun wuce ta gindinsa. Ba wanda ya sare reshensa don dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya cinye shi. A 1973 wata babbar mota ta buge shi, ya faɗi. An kai gangar jikinsa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa itacen ƙarfe a madadinsa. Abin da matafiya suka kiyaye shekara da shekaru, sakacin mutum ɗaya ya kashe shi a rana ɗaya.

Abin da baƙo ke biya

Kallo kyauta ne, amma akwai haƙƙin da ke kan mai kallo.

Na farko, ya kiyaye kansa. Ya riƙe ruwa duk inda za shi. Ya rufe kansa, ya huta a inuwa da rana tsaka. Kada ya fita daji shi kaɗai. An yi tawaye a yankin daga 1990 zuwa 1995, aka sake yi daga 2007 zuwa 2009, har an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Akwai kuma ƴan fashi. Saboda haka ba a nisa da gari sai da izinin hukuma, da jagoran da ya san ƙasa. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, ya girmama mutane. Ya yi sallama kafin ya shiga zaure. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum. Ya cire takalmi a masallaci.

Na uku, ya bar kowane abu inda ya same shi. A hamada akan tsinci kan kibiya na dutse, ko guntun tukunya, ko ƙashin dabbar da. Ba a ɗauka. Dokar Nijar ta 1997 ta kare irin waɗannan kayan tarihi. Idan aka ɗauke abu daga wurinsa, masana ba za su iya sanin labarinsa ba. Ba a rubuta suna a jikin dutse mai zane. Ba a jefar da leda, don akuya da raƙumi sukan haɗiye ta, ta kashe su.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan sauka da dare, ta tashi da safe, ba ta karya ko ganye ɗaya. Baƙon da ya yi haka zai koma Okala da labari mai yawa. Wanda zai zo bayansa kuma zai tarar da hasumiya, da zanen dutse, da ƙorama, kamar yadda shi ya tarar da su.

Mu koyi kalmomi

hamada : le désert
hasumiya : le minaret
ayari : la caravane
madugu : le chef de caravane
maƙeri : le forgeron
ƙorama : le kori
raƙumin dawa : la girafe
taurari : les étoiles

Tambayoyi

1. Wane bambanci ke tsakanin ruwan saman Libreville da na Agadas?
2. Mene ne amfanin itatuwan da ke jikin hasumiya?
3. Don me ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi da rana?
4. Me ayari ke kaiwa Bilma, me yake ɗaukowa?
5. Yaya ƙorama ke cika da ruwa alhali ba a yi ruwan sama a gari ba?
6. Me zanen Dabus ke nunawa game da hamada a zamanin da?
7. Wane darasi ke cikin labarin itacen Tenere?

Aiki

A duba taswirar Afirka, a nuna Libreville, da Yamai, da Agadas, da Bilma. Sannan kowane ɗalibi ya rubuta abu 3 da baƙo zai iya kallo a unguwarsu ba tare da ya biya kuɗi ba, da abu 1 da bai kamata baƙon ya yi ba.